Ranar da Badarou Ya Rufe wa Sarki Ƙofa

Duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Nijar a shekarun baya ya san Badarou, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gurgun nan siriri mai farar hula da ke zama kan tsohuwar taya a ƙofar garejinmu, makulli rataye a wuyansa. Ni sunana Seydou, direba ne ni a lokacin, kuma da hannuna a cikin abin da ya same shi. Don haka in kun ji ina yabonsa fiye da kima, kun san dalili.

Mutumin Zugu ne, can arewacin ƙasa. Ya zo Kwatano yana yaron mota, wata rana motarsu ta kife a hanyar Parakou, ƙafarsa ta hagu ta murɗe ba ta sake miƙewa ba. Mai motar ya sallame shi. Wanda ya tsince shi a bakin masallacin Zongo shi ne Alhaji Abdulƙahar, wanda direbobi suka naɗa Sarkin Tasha tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Ya ba shi ɗaki, ya aura masa wata baiwar Allah mai suna Nimatou, ya danƙa masa ƙofar gareji. Nimatou ta rasu ba su samu haihuwa ba, Badarou kuma bai sake aure ba. Shekara ashirin da biyu a zauren Sarki yake cin abinci, kuma ba ya kiransa da wani suna sai Baba.

Garejin ba wani abin kallo ba ne. Fili ne mai katanga da ƙofar ƙarfe guda ɗaya, da warin baƙin mai, da taɓo in an yi ruwa. Amma duk motar da za ta shiga tashar ruwa ta yi lodi, a nan take jiran layinta, kuma a cikinsa allon da ake rubuta layin yake. Wanda ya riƙe ƙofar ya riƙe allon, wanda ya riƙe allon kuwa shi ke cewa wane zai tafi Yamai wannan makon, wane zai zauna yana korar ƙuda. Sarki ba azzalumi ba ne, Allah ya gani. Sai dai yana da 'ya'ya da surukai masu motoci, kuma cikin ikon Allah layinsu ba ya daɗewa.

Sai aka yi babban taron ƙasa a 1990, rediyo ta cika da zancen zaɓe da 'yancin magana. Abin bai tsaya kan manya ba. Masu sayar da kifi suka kafa kwamiti, masu babur ɗin haya suka kafa kwamiti, har masu wankin mota suka zaɓi shugaba da mataimaki. Mu ma a shekarar da ta biyo baya muka taru muka zaɓi majalisar mutum tara, wadda muke kira biro da Faransanci. Rachidi, wani direba mai baki kamar rediyo, ya zama shugaba. Ni aka ba sakatare don Faransancina yana iya cika shafi guda ba tare da ya faɗi ba.

Da aka kai wa Sarki labari, dariya ya yi. Ya ce yara suna wasa, a bar su su gaji.

Wannan dariyar ce ta tunzura mu. Wata Laraba da safe Rachidi ya zo da sabon kwaɗo, muka cire tsohon, muka kewaye Badarou mu tara.

"Baba Badarou," in ji Rachidi, "daga yau biro ne ke da ƙofa. Ba kamiyo, ba ƙaramar mota, ba mutum, sai da takardar biro. Ko wane ne. Ka karɓi amana?"

Badarou bai iya karatu ba, kuma duk cikinmu ni ya fi yarda da ni, don ni nake karanta masa takardun asibiti. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam Seydou, Baba ya sani?"

"An gaya masa," na ce.

Ƙarya na yi. Wasiƙar da za a kai wa Sarki tana cikin aljihuna, na kasa samun ƙarfin halin kai ta. Badarou ya miƙa hannu biyu ya karɓi makullin. Akwai wani mai ɗan karatu a cikinmu, ya ce a ɗaga hannu, aka karanta Fatiha, aka shafa. Mu a wurinmu ado ne kawai, don abin ya yi kama da naɗi. A wurin Badarou kuwa, abin da aka shafa wa Fatiha ya ɗauru ke nan, ba mai kwance shi sai waɗanda suka ɗaura.

Washegari bayan azahar Sarki ya iso cikin farar Fijo ɗinsa, 'ya'yansa biyu da wasu dattawa a wata motar a baya. An yi ruwa da safe, bakin ƙofar duk taɓo ne. Direbansa ya danna oda sau uku, ƙofa ba ta motsa ba. Ina cikin gareji bayan wata tirela, ina leƙe kamar ɓarawon kaza.

Badarou ya taso, ya cire takalmansa, ya ajiye sandarsa, ya durƙusa cikin taɓon a bayan ƙarafan ƙofa. Ga mai irin ƙafarsa durƙuso azaba ne, amma haka yake gaida Sarki kullum, haka kuma ya yi ran nan.

Sarki ya fito daga mota. "Badarou, buɗe."

"Ranka ya daɗe, Baba, barka da isowa. Ba a ba ni izini ba."

"Izinin wa?"

"Na biro, Baba. Sun ce an gaya maka."

Sarki ya dubi sabon kwaɗon. Nan Badarou ya gane ba wanda ya gaya masa komai. Na ga ya waiga yana nemana da ido, ni kuwa na ƙara maƙewa a bayan taya.

"To yanzu ka ji ba a gaya mini ba. Buɗe."

"Baba, an shafa Fatiha a kai."

"Wa ya ɗauko ka daga bakin masallaci?"

"Kai ne, Baba."

"Wa ya binne maka matarka?"

"Kai ne, Baba. Ka yanka ni a nan in ka so, ba zan ɗaga hannu ba. Amma ba zan iya buɗewa ba."

'Ya'yan Sarki suka so su haura katanga, ya hana su. Ya ce ya ba Badarou zuwa la'asar ya yi tunani. Aka shimfiɗa masa darduma a inuwar katanga ya zauna, mutane suka taru har masu babur suka tsaya kallo. Duk tsawon wannan lokacin Badarou bai tashi daga durƙuson ba, hawaye na bin fuskarsa, makullin na lilo a ƙirjinsa. Rachidi da sauran 'yan majalisa suna can ofis ɗinmu na langa-langa, kowa na cewa kada a fita don kada a yi rikici. Mu tara masu jini a jika muka bar gurgu ɗaya ya tsaya mana.

Da aka kira la'asar Sarki ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Jama'a ku shaida," ya ce. "Ban san wannan mutumin ba."

Daga ranar ƙofa ta zama ta majalisa. Muka yi murna, muka yanka rago, Rachidi ya yi jawabi har muryarsa ta dushe. An aika wa Badarou nasa kason naman, ya ba wa mai shara.

Da ma a ce mun riƙe shi da kyau, da sauƙi. Amma durƙuson nan ya tsaya wa samarinmu a wuya. Suka riƙa cewa wane irin mai gadin majalisa ne zai zube a taɓo gaban mutumin da aka tsige. Kuma ga shi kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai a gan shi ya nufi gidan Sarki. Wata biyar bayan nan Rachidi ya kawo magana a zama, cewa Badarou ɗan leƙen asiri ne, wata rana zai buɗe wa tsohon ƙofa da asuba. Aka ce a ɗaga hannu. Na san gaskiya fiye da kowa a ɗakin, amma na ga hannaye takwas a sama, sai na ɗaga nawa. Aka karɓe makullin, aka kawo wani saurayi mai kaki da usur.

Abin da yake yi a gidan Sarki kuwa ba asiri ba ne, duk unguwa ta gani. Ya kan tsaya a bakin zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi sallama. Sarki na ciki tare da mutane ana cin abinci. Ba ya amsawa, kuma tunda bai amsa ba, ba mai amsawa. Badarou ya kan maimaita sau uku, ya ɗan jira, ya sa takalminsa ya juya. Shekara shida yana wannan. Ba abinci yake nema ba, ba kuma ƙofa ba. Ya taɓa gaya mini cewa abu ɗaya yake tsoro, kada ɗayansu ya mutu Baba bai ce ya yafe masa ba.

Ya koma wani ɗan ɗaki a bayan masu ɗinki, ya kafa tebur yana sayar da goro da ashana. Mutanen Sarki ba sa saya a wurinsa don maci amana ne, mutanen majalisa ba sa saya don ɗan Sarki ne. Baƙi da masu wucewa su ne cinikinsa. Ya kan sayi abincinsa a leda ya ci shi kaɗai yana fuskantar bango, shi da ya saba sa hannu a kwano ɗaya da mutum goma. In na dawo daga tafiya na kan tsaya wurinsa in sayi goron da ba na ci. Ran da na faɗa masa cewa ƙarya na yi masa, ya ce ya sani tun ranar, kuma ya yafe mini tun ranar. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Majalisarmu ma ba ta yi tsawon rai ba. Ta rabe biyu, aka sake zaɓe, aka sake rabewa, kuma cikin ikon Allah layin ƙannen Rachidi ya daina daɗewa.

A shekara ta shida Sarki ya kwanta ciwo. Jiki ya yi rauni, tunani ya fara guduwa, zauren da ke cika ya koma ba kowa sai tabarmi. Wata Juma'a 'yarsa Hamsatou, wadda ke jinyarsa, ta tare Badarou a bakin ƙofa ta ce masa tsohon yana ta kiran sunansa kwana uku. Badarou ya ce ta ba shi minti goma. Ya zo har gida ya same ni, yana haki, ya ce in zo in zama shaida, tunda a gaban shaidu aka kore shi.

Muka shiga ɗakin. Sarki na kwance a kan gado, ya rame har ban so in dube shi ba. Badarou ya durƙusa ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji tsohon, da fara'a. "Badarou ne? Ina ka shiga tun safe? Ka ci abinci? Hamsatou, kawo masa abinci."

Badarou ya kife kai a gefen gado ya yi kuka kamar yaro. Ni ma na ji sanyi a raina, na ce alhamdulillahi, an gama. Amma da ya share fuska sai na ga bai gamsu ba. Ya gane, kamar yadda ni ma na gane daga baya, cewa tsohon ya manta ne kawai.

"Baba, gafara na zo nema."

"Gafarar me?"

Hamsatou ta girgiza masa kai, ni ma na taɓa kafaɗarsa, don a bar abin haka. Bai kula mu ba. Ya faɗa masa komai dalla-dalla, sabon kwaɗo, da Fatiha, da farar Fijo, da taɓo, da zaman jira har la'asar a gaban jama'a. Sunana kaɗai ya tsallake. Ya ce, "Ni ne na rufe maka ƙofa, Baba. Ka yafe mini."

Tsohon ya saurara har ƙarshe, goshinsa a tamke. Sai ya miƙo hannu ya dafa kan Badarou, ya juyo wurina.

"Kai malam, wa ke koya wa yaron nan irin wannan zance? Ƙarya ne. Badarou ba zai yi mini haka ba."

"Baba, na yi. Don Allah ka ce ka yafe."

"Ba ka yi ba, me zan yafe? Na san ɗana. Tashi ka ci abinci."

Badarou ya sake roƙo sau biyu, tsohon ya fara gajiya yana lumshe ido, Hamsatou ta ce mu bar shi ya huta. Ranar Talata ya rasu.

Bayan an dawo daga maƙabarta na raka Badarou har ɗakinsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya jingina da sandarsa, ya tambaye ni a hankali, tunda ni na yi makaranta kuma ni ne shaida, ko abin da Baba ya faɗa ya isa a ce ya yafe. Na buɗe baki zan ce masa ya isa, sai na tuna na taɓa yi masa ƙarya sau ɗaya don in sauƙaƙa wa kaina. Na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka ya gani, ya shiga ciki ya turo ƙofa.