Baƙar Ƙasar Baba Ilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago da safen nan Hadiza mai masa ta leƙo ta ce, "Malama, Baba Ilu ya rasu." 

Ga wanda bai san shi ba, shi ne tsohon nan mutumin Tasawa da ya dasa itatuwan bayan masallacinmu a unguwar Sersouf. In ka taɓa fakewa rana a wurin, to inuwarsa ka sha.

Lokacin da na zo Tamanrasset daga Damagaram, filin nan ba komai sai tsakuwa da leda. Ƙasar fara fat, ko akuya ba ta tsayawa. Shi kuwa kullum da safe yana bin shaguna da tsohon bokiti, yana roƙon abin da kowa ke zubarwa: ganyen shayin da aka gama tafasawa sau uku, garin gawayi, kashin awaki. Ko ruwan alwala bai bari ya tafi a banza ba, sai da ya haƙa masa 'yar hanya zuwa gindin shukokinsa.

'Yan kasuwa suka sa masa Sarkin Bola. Har da ni a masu dariya, ba zan ɓoye ba.

Faɗa ne ma ya haɗa mu. Wata rana na share ganyen da ya zuba ƙarƙashin magaryarsa, na tara, na cinna wuta. Ni a ganina taimako na yi, don a gidanmu mace ba ta ganin shara ta wuce. Sai ga shi a guje, buta a hannu.

"Ke Barkono! Wa ya aike ki?"

"Baba, ƙazanta ce fa. Kunamu za su taru."

"Ƙazanta? Tuwon ƙasa kika ƙone. Yau me za ta ci?"

Ya damƙo ƙasar bakin hanya ya sa mini a tafin hagu, ya damƙo ta gindin magarya ya sa a na dama, ya tsiyaya ruwa a kan kowace. Ta hanya, ruwan ya zurare ta tsakanin yatsuna. Tasa baƙa ce, mai laushi, ta shanye ta riƙe. Ya ce, "Wannan ta ƙoshi. Waccan yunwa take ji."

Daga ranar sunana Barkono a bakinsa.

Daga baya na karanta cewa abin yana da suna, karbon. Itace ke jawo shi daga iska, ganye ya faɗi ya ruɓe, ya zauna cikin ƙasa, shi ke sa ta yi baƙi ta riƙe ruwa. In ka ƙone ganyen, ka mayar da shi sama. Na je da ƙafafa, ni tsohuwar malamar lekkol, wato makarantar boko, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ashe masu boko ma sun gano? Madalla."

Shekarar da ciwo ya kwantar da ni, kullum sai na ga ƙunshin zogale a bakin ƙofata. Bai taɓa cewa shi ne ba.

Ganinmu na ƙarshe Juma'ar da ta wuce. Bokitin na gefensa, ya kasa ɗagawa. Ya miƙo mini ɗan dashen ruman a gwangwanin tumatir, wani mai lambu ya kawo masa daga ƙauyen Outoul. Ya ce, "Riƙe mini wannan har in ji ƙarfi. Kar ki ƙone shi."

Dashen yana nan a shagona. Ina rubutun nan ina kallonsa.

Yanzu ga abin da ya hana ni yin shiru. Bayan jana'iza na je ta'aziyya, na tarar an share ƙarƙashin itatuwan tas don a shimfiɗa tabarmi, an tara ganyen tuli guda, wata baiwar Allah tana laluben ashana. Can gefe wani Alhaji yana nuna bagaruwa biyu da carbinsa, wai gara a sare su tunda mai su ya tafi, kamiyo, babbar motar kaya, ya samu wurin juyawa. Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!

Na ce, "Alhaji, inuwar da kake zaune kana wannan magana, kamiyo ne ya yi maka ita?"

Ba zan kama suna ba. Ya san kansa, kuma yana karanta shafina.

Na karɓe ashanar, na kwashi ganyen da hannuna na mayar gindin itatuwa. Na ji mata na cewa Malama ta taɓu. To, na taɓu. Amma wanda zai sa gatari a itatuwan nan, da ni zai fara.

Bokitin yana wurina. Gobe da safe zan bi shagunanku, ku sa mini duk sunan da kuka ga dama.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya gafarta masa, ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya sanyaya mana unguwa. Allah ya sa duk wanda ya huta a inuwar nan, mutum ko tsuntsu, ladan ya iske shi. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Kuma ku ajiye mini ganyen shayinku.