Azumin da Na Yi Cikin Takaba

Shekarar da maigidana ya rasu, a cikin takaba azumi ya same ni. Masunci ne, a Tiga muke zaune, kuma ba ruwa ne ya ci shi ba kamar yadda na daɗe ina fargaba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da gidan da muka gina da hannunmu.

Mai takaba ba ta yawo. In an yi isha'i sai in ji matan unguwa suna wucewa ta bayan katanga za su sallar asham, suna hira ƙasa-ƙasa. Ni kuwa in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in yi tawa ni kaɗai. In na sallame sai in kishingiɗa ina kallon sama.

A wannan tsakar gidan marigayi ya koya mini taurari, don da su yake gane hanya a kan ruwa. Ya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, ya nuna mini Gamzaki mai fitowa gab da asuba. Yakan tsokane ni wai in ba gindin tukunya ba, babu abin da nake kallo. Yanzu ga shi na iya kallon, babu wanda zan nuna wa. Duk da haka, a nan kawai ƙirjina yake sakewa har in samu barci.

Wan mijina yana zuwa daga Badafi duk Juma'a da ƙullin dabino.

“Maman yara, ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya, Yaya.”

Daga nan sai ya miƙe yana kai-komo daga bakin ɗakina zuwa zaure, leɓɓansa suna motsi. Da farko na ɗauka tasbihi yake, har na ji daɗi a raina. Ashe taku yake ƙirgawa. Ƙasar kabarin ƙaninsa ba ta gama kwanciya ba, shi yana awon gida da azumi a bakinsa.

Ban taɓa ja da rabon gado ba, Allah ne ya tsara shi, kuma tunda ban haifi namiji ba na san dangin mijina suna da nasu. Gaggawar ce ta ƙona mini rai. Na durƙusa na ce masa, “Yaya, ku ɗauki kwale-kwalen da komar kamun kifin, ku haɗa da zauren. Ku bar wa marayun nan inda suka tashi.”

Ya ce, “Haba, wa yake wannan magana a watan ibada? Bari Sallah ta wuce.”

A goman ƙarshe na roƙi Allah har muryata ta dishe. Wani dare da na gaji da kuka, na ɗaga kai na ga taurarin nan suna inda suke, ba su ragu ba. Na ce a raina, su raba ɗakuna, su raba ƙofofi in sun ga dama, wannan dai babu mai aunawa da taku. Ranar na yi barci mai daɗi.

Ina fita takaba aka sayar wa wani ɗan kasuwar shinkafa gidan. Na kwashe yara muka koma wajen yayana da muke uwa ɗaya a Tudun Wada, ɗaki guda.

Da azumi ya zagayo na je Tiga duba wata tsohuwar maƙwabciya. Bayan mun sha ruwa, ƙafata ta ja ni ƙofar tsohon gidanmu. Na roƙi mai gadi ya bar ni in leƙa, ya haska mini fitila. Buhuna ne jibge har inda nake shimfiɗa tabarma. Na ɗaga kai kamar yadda na saba. An rufe tsakar gidan da kwano, daga katanga zuwa katanga.

Ya ce, “Hajiya, kin manta wani abu ne a nan?”

Na ce masa a'a, ya kashe fitilarsa.