Ɗiyar Ladan da Musuluntar Ƙarya

Ɗiyana, 'yan mata da samari, ku ba ni kunnuwanku. Ni ban yi boko ba, ina faɗi ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mani magana. Sunana ba shi da amfani gare ku. Abin da za ku sani shi ne ni ɗiyar ladan ce, haihuwar Tambuwal. Muryar ubana ce ke tada unguwarmu sallar asuba tun ban san dama da hagu ba. Na tashi ina suyar ƙosai bakin hanya. Duk gidan da anka yi suna ko buki sai an aiko mani, don in na buɗe baki da labari, mata har tuwo suke mancewa bisa wuta. Yarinyar da za a kai ɗaki kuwa, wurina ake kawo ta in gyara mata alwala da wanka. Ba ni da dukiya, amma ina da girma, kuma na san ina da shi.

Ana nan sai wata mata, Rifkatu, taz zo daga ƙasar Zuru da mijinta mai injin niƙa, sunka kama haya, bangonmu ɗaya. Kiristoci ne. Ba su daɗe ba ciwo yak kama mijin, yam mutu. Matan unguwa sunka shiga sunka zauna da ita, wagga ta kawo tuwo, waccan ta kawo fura. Ni ma na kai ƙosai, don kada a ce ban kai ba. Dangi sunka ɗauki gawa, tab bi su, kowa yac ce ta tafi ke nan. Sai ga ta ta dawo, tac ci gaba da niƙa. Da damina taz zagayo, wata Juma'a tac ce tana son shiga Musulunci.

Liman yab ba ta kalimar shahada, anka sa mata suna Asma'u. Mata na kabbara, wasu na kuka. Ga zannuwa, ga hijabi, ga buta sabuwa, ga gero. Wata Hajiya da ba ta taɓa ce mani in riƙe canjin ƙosai ba, ranar atamfa tab ba ta sukutum. Duk wannan na haɗiye shi. Abin da yat tsaya mani ga wuya maganar Liman ce. Yac ce yau Asma'u awa jinjirin da anka haifa yanzu take, an shafe mata duk abin da yaw wuce. Nic ce cikin raina, to ni fa? Ni da nika tashi cikin sanyi tun ina 'yar mitsitsiya, ni da azumi bai taɓa kuɓuce mani ba, nawa laifin na nan jibge, ita da taz zo jiya da hantsi an wanke ta tas?

Don a ƙara mani, sai anka ce ni zan koya mata alwala. In ta kurkure baki sai ta haɗiye ruwan. In ta shaƙa sai ta ƙware, ta yi ta tari. Wata rana nik kasa haƙuri.

"Ke Rifkatu, tsakaninki da Allah, mi yak kawo ki? Miji kike nema ko hatsi?"

Tay yi dariya. "Inna, Asma'u dai. Can gida an ce mani mutanen nan ba su da tausai, kuskure kaɗan a far maka. Da tsoro nis sauka garin ga. Amma da maigidana yam mutu, kunka zauna da ni, kunka ci kwano ɗaya da ni. Na yi ta jiran ranar da za a ce in biya da barin addinina, ba wadda tac ce. Shi yas sa nif fara leƙen abin da kuke yi in kun dubi gabas. Sai nig ga Hajiya da mai tallan ruwa goshinsu ƙasa ɗaya. Hankalina yak kwanta. Shi ke nan."

"Danginki fa?"

"Sun yi fushi. Amma yayana bai bar aiko mani da dawa ba. Shi kaɗai yar rage mani can, ku kuma ku ne nawa nan."

Nit taɓe baki. Nic ce cikin raina, wanga labari ko gishiri babu, shi ne aka yi ma kuka? Da ni ce, da sai duwatsu sun zubar da hawaye.

Ku ji yadda abin yaf faro, don ƙarami ne ƙwarai. Na tafi suna Dogon Daji, mata sunka tambaye ni labarin tubabbiyar unguwarmu. Nit tashi tsaye ina kwaikwayon Hausarta, ina shaƙa ruwa ina tari, suna ta faɗuwa don dariya. Sai wata tsohuwa da tash shigo daga baya taɗ ɗauka ni ce tubabbiyar. Da anka watse tab biyo ni zaure, tar riƙe hannuna da hannu biyu tana kuka, tas sa mani mayafi ga kafaɗa, tac ce in roƙa mata gafara tunda ni ba ni da zunubi. Da na ce mata, "Iya, ba ni ba ce," da yau ba ku jin wanga labari. Ban ce ba. Wallahi ba mayafin ba ne. Riƙon hannun nan ne. Duk tsawon rayuwata ina salla, ba wanda yat taɓa riƙe ni haka.

Ɗan kabu-kabun da yak kai ni bisa babur, Ɗan'audi, shina bakin zaure, ya ga komi. Bisa hanya yac ce, "Inna, ashe haka kike da baiwa? Akwai ƙauyukka can wajen Kebbe inda mota ba ta shiga, ba wanda yas san fuskarki."

Niz zage shi. Kasuwa na zagayowa nin neme shi da kaina.

Ga yadda muke yi. Shi zai shiga wurin liman shi ce ya tsinci wata baiwar Allah bakin hanya tana kuka. Ni kuwa na jawo kallabi na rufe tabon salla da ke goshina, na karya harshe. In ce sunana Rifkatu, daga ƙasar Zuru, mijina mai injin niƙa ya mutu. Har nan labarinta ne. Sauran kuwa nawa ne. In ce na yi mafarki da farin haske. In ce yayana ya biyo ni da adda, ya ƙone mani kaya, da ƙyar nit tsira. Na lura da abu ɗaya: in na faɗi gaskiyar Asma'u, ta zaman makoki da cin kwano ɗaya, sai a gyaɗa kai kawai. In na baƙanta danginta, nan ne kabbara ke tashi, nan ne hannuwa ke shiga aljihu. Sai nik ƙara ma addar tsawo. A ba ni shahada, a sa mani suna, a tara zane da gero. Wata ruga har tunkiya Fulani sunka ba ni, su da ke fama da kansu. Ɗan'audi shi sayar, mu raba. Na zama Hauwa, na zama Zainabu, na zama Rabi. In na dawo gida in rama sallolin da nib bari, in leƙa ta bango in ga Asma'u bisa tabarmarta tana haɗa Fatiha da ƙyar. Na samu abin da anka ba ta har ya ninka, amma natsuwar fuskar nan tata ban same ta ba.

Asirina ya tonu wani ƙauye gaba da Kebbe. An ba ni shahada da hantsi, anka shiga da ni cikin gida, anka ce matar ɗan liman ta koya mani alwala kafin azahar. Yarinya ce ƙarama, mai rawar kai. Mata sun kewaye mu. Taw wanke hannu, tab bar gwiwar hannun a bushe ƙayau. Nid danne zuciyata. Taz zo shafar kai, tad dangwala yatsu bisa ɗankwali, tac ce an gama. Nic ciji leɓe. Sai tad dafa mani kafaɗa.

"Iya, kada ki damu, tsufa ne. A hankali za ki iya awa ni."

Awa ita! Ban san sa'ad da nif fizge butar ba.

"Ke, rufa mani baki! Wace ballagaza tak koya maki alwala? Gwiwar hannun ajiya anka ba ki da za ki bar ta a bushe? Ina cuɗawa? Kan naki daga goshi yat tsaya, ba ki da ƙeya?"

Niz zauna niy yi alwala cikakkiya, ina jero farillai da sunnoni, da Hausar Tambuwal tsantsa. Sai da nik kai ƙafar hagu nij ji gidan ya yi tsit. Uwar gidan, matar liman, tam matso a hankali.

"Ikon Allah. Baiwar Allah, ɗazu kinka musulunta, har kin fi Malam?"

Tat tura kallabina baya, tag ga tabon salla baƙi ƙirin. Ɗan'audi na jin hayaniya yah hau babur. Har yau ban sake ganin shi ba.

Gaban alƙali mutanen ƙauyukkan da nic cuta sunka taru, har da Bafulatanin tunkiya. Alƙali yat tambaye ni ɗiyar wa ce. Da nif faɗa, ashe ya san muryar ubana. Yac ce, "Kayan mutane abu ne mai sauƙi, ana biya. Amma ke da bakinki kinka riƙa cewa ke ba Musulma ba ce, don zane. Wannan ba ni zan yi maki hukuncinsa ba." Yay yanke mani ɗauri.

Gidan kaso ba wurin tsohuwa ba ne. Gwiwoyina sun kumbura, haƙorana sun zube, 'yan matan da na yi jika da su suna kirana da sunayen da nis sata. Amma ba wannan yaf fi ƙuna ba. Ɗiyata taz zo dubana, tab ba ni labarin Asma'u. Tunda sunanta da labarinta nis sa, sai unguwa tac ce bakinmu ɗaya, rabawa muke yi. Anka bar kai mata niƙa. Matan da sunka yi mata kabbara su ne ke cewa dama tubabbu duk don ciki suke zuwa. Maganar adda kuwa 'yan kasuwa sunka kai ta har ƙasar Zuru. Yayanta ya aiko cewa tunda ya zama mai bin ƙanwarsa da adda, to ba shi da ƙanwa.

Zan faɗa maku abin da yaf fara zo mani, don na yi alkawarin ba ni ɓoye komi. Cewa niy yi, to yanzu ba zane, ba kabbara, sai ta koma inda taf fito, a san ni ke da gaskiya. Ina cikin kurkuku, ina jiran wata ta bar Allah don raina shi yi sanyi. Ranar da nig gane abin da nika fata ke nan, ranar nif fara kukan gaske.

Da anka sake ni, nit tafi wurin Liman nis sabunta shahadata, daga ni sai shi sai shaidu, kaina ƙasa. Nil leƙa gidan Asma'u, ba ita, ba injin. An ce ta koma Kebbe. Nib bi unguwa gida gida, ni da ake aiko ma goron gayyata, ina sallama ina cewa ba ruwanta, ni kaɗai ce. Wasu sun yarda. Wasu sun ce ai dama na iya tsara magana.

Nit tarar da ita Kebbe cikin wata rumfa, garin niƙa ya yi mata fari fat har gira, hijabinta ya koɗe. Tak kashe injin, tab ba ni ruwa.

"Inna, kin rame."

"Na ɗauka kin koma gida."

"Wane gidan? Kin rufe mani can, kin rufe mani nan."

"To mi yah hana ki barin addinin, tunda ga abin da ɗiyar ladan tay yi maki?"

"Inna, da farko don ku nil leƙo. Amma da nish shigo, ba ku nit tarar ciki ba."

Nid durƙusa. Ban taɓa durƙusa ma mace ba sai uwata. Tat tashe ni, tac ce ta yafe, amma Tambuwal kam ba ta komawa, ba ta iya sake duban fuskokin nan. Nic ce zan tafi wurin yayanta. Na kuwa tafi, da gwiwoyin ga. Mutumin kirki ne, ya ba ni wurin zama, ya saurare ni har ƙarshe, yac ce ya ji. Har yau bai taka ƙofarta ba.

Ba ni ce maku hassadar ta fita duka. In na tuna ta tsaye cikin ƙurar gari, ba dangi, ba unguwa, kuma ba ta saki ba, sai in ji ƙyashi, don ban san ko ni zan iya ba. Ni an haife ni ciki, ban taɓa rasa komi dominsa ba.

Ku dai ku ji ni. In kun ga wani ya shigo addini, kada ku tsaya lissafin abin da anka ba shi, kada kuma ku ce don ciki yaz zo, ba ku shiga zuciyarsa ba. Kada ku matsa mashi sai ya zagi danginsa sannan ku ji daɗin labarinsa. In anka yaba maku da abin da ba naku ba, ku ce ba naku ba ne tun a zaure, kafin ku ji daɗinsa. Kuma ku sani akwai mai leƙenku ta bango, shina auna addinin da halinku.

Wanda hanya tab bi da shi Kebbe yana da hatsi, shi kai ma Asma'u niƙa. Kada ku ce ni nit turo ku.