Malama Suwaibatu da Waƙar Tulu

Da hantsi Malama Suwaibatu take isa makaranta, tana jan ƙafa saboda ciwon gwiwa. Daga gidanta a gefen Toranke zuwa ajin 'yan rabin aji ba nisa, amma yanzu sai ta huta a hanya. Tana isa ta shimfiɗa tabarmi, ta goge majinar wannan, ta raba faɗan wancan, sannan ta tafa hannu a fara waƙa. Haka ta yi sama da shekara talatin. A ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki, don murya ta dushe, kuma a asibiti an ce ta daina ɗaga ta.

Waƙoƙin nata ne, ita take ƙirƙirarsu tana shara ko tana tankaɗe. Wadda aka fi sani ita ce ta tulu:

Tulu, tulu, ina ka je?
Na je rijiya na sha ruwa.
Tulu, tulu, me ka gani?
Na ga kwaɗo yana rawa.

Naja'atu, matashiyar malamar da za ta gaje ta, ta ce mata, "Mama, a kwaleji sa tulu ya yi magana mutuntarwa muke ce masa. Ruwa da rawa kuma amsa-amo."

Malama ta maimaita kalmomin a hankali, suka yi mata daɗi. Ta ce, "Ki riƙe sunayen, 'yata. Ki haɗa da wannan: kiran tulun sau biyu don yaro mai nawar fahimta ne, idan na farko ya wuce shi ya kama na biyu."

Malam Tukur manomi shi ya ba ni labarin 'yarsa Jannat. Uwarta ta rasu wajen wata haihuwar, yarinyar tana shekara huɗu, daga ranar ta daina magana. An yi rubutu, an je asibiti a Gaya, shiru. Ya kawo ta aji ne don babu mai kula da ita idan ya tafi gona.

Malama ba ta taɓa ce mata "yi magana" ba. Ta zaunar da ita a jikinta, ta ɗora mata ƙaramin tulu a cinya, ta ce wa yaran, "Yau mu tambaya kawai za mu yi, tulu ne zai amsa." Suka rera tambayar, aka yi shiru. Gobe ma haka. Damina ta shiga ta fita, yara suka gundura, ita kanta Malama ta fara cewa a ranta wahalar banza take yi. Wata safiya bayan girbi, Malam Tukur na tsaye bakin taga ya kawo abincin da Jannat ta manta, sai ya ji murya ƙasa-ƙasa daga bayan tulun: "Na je rijiya."

Ya ce bai iya shiga ba. Ya ajiye kwanon a ƙofa ya juya.

Ke ce, Malama, uwar masu ƙaramar murya. Ke kika gane cewa yaron da ya kasa magana da bakinsa zai iya yi da bakin tulu. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, rufin ajinki yana yoyo tun bara, kuma kin gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Na tambaye ta ko za ta yi kewar ajin. Ta daɗe tana murza gwiwa kafin ta ce, "Ina so in wuni ban ce komai ba."

Mun gode, Malama. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da alheri. Iyaye da malamai, ku rera wa ƙanananku waƙa da bakinku, ko muryar ba daɗi, kuma idan kun yi tambaya ku jira amsa. Wanda kuma ya taɓa zama a tabarmarta, ya je Toranke ya gaishe ta. Kada ya sa ta dogon zance. Ya zauna, shi ya yi maganar, ita ta saurara.