Sunkuyon da Bai Dubi Gabas Ba

Ranar kasuwar Hunkuyi ce, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Mamuda mai awon dawa yana kallon wani baƙo da ke jiran motar Zariya. Siriri ne, yana tsaye cak ba ya jingina da komai. Gaɓoɓin yatsunsa sun yi kanta kamar gwiwar raƙumi, ƙunshin fararen kayansa kuma ɗaure da baƙar ɗamara. Direba ya ce tsohon soja ne, wai wani ɗan Koriya ya koya masa faɗan ƙasarsu, takwando. Mamuda yana zaton irin mutanen nan ne da ba sa ci su ƙoshi.

Sai ga Ɗan'azumi mahauci, ɗan dambe, ya bangaje shi da gangan.

"Malam, an ce da ƙafa kake faɗa kamar jaki. Taɓa ni mu gani."

Baƙon ya haɗa dugadugansa, ya sauke hannuwa, ya ɗan sunkuya. 'Yan kasuwa suka kwashe da dariya, wani yana cewa, "Bawan Allah, gabas ba nan take ba."

"Ba salla nake ba, gaisuwa ce," in ji baƙon. "An hana mu fara taɓa mutum."

Mamuda bai yi dariya ba. Ya lura duk sunkuyon nan idon baƙon bai bar hannun Ɗan'azumi ba, ƙafarsa ta dama kuwa ko nauyi bai ɗora mata ba, a shirye take ta kai shuri.

Da mota ta tashi da baƙon, Mamuda ya yafito mahaucin.

"Ɗan'azumi, in ka koma gida ka yi sadaka."