Soron Malam Kallamu

Inna Asama'u ta shigo gidan nan na Tsanyawa tana amarya, yau shekara arba'in da biyar. Kakan mijinta, Malam Kallamu, mutumin gabas, shi ya sa aka gina shi da tubali da azarar giginya. Soron karatunsa kuwa har daga Bagwai ake zuwa kallo, saboda bakan gizo huɗu da suka haɗu a tsakiyar rufin, ba ginshiƙi ko ɗaya. Kowace bazara mijinta, Malam Iliyasu, kan tara maza a yaɓe shi. Da ya rasu, yaɓe ya tsaya.

Damina ta uku bayan rasuwar, bangon yamma na soron ya tsage, har hannu kan shiga. Ta buga wa ɗanta Muntaka waya a Kano.

"Inna, ki haƙura," in ji shi. "A rushe shi, in kaka ta yi mu sa bulo."

"A cikinsa aka raɗa maka suna, Muntaka."

"To Inna, wa ya iya irin ginin yanzu?"

Gaskiyarsa ce. Magina uku ta kira, kowa ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce shi siminti ya sani. A kasuwa wata mai daddawa ta ba ta labarin Baba Hadi na Kunci, tsohon maginin ƙasa. Washegari ta hau bas.

Ta same shi kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta durƙusa.

"Baba, ko a kan amalanke ne a kai ka. Ka nuna da baki kawai, ni zan yi."

Ya ce ba zai iya tafiya ba, amma ya ce ta tokare bangon da azara, ta kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ta bar ta ta kwana bakwai kafin ta cike tsagar.

Maza duk suna gona, ana noman biyu. Ita da maƙwabciyarta Raudatu suka yi ta jido ƙasa a kwano, suna tattakawa da ƙafa har tafinta ya fashe. Kullum idonta na gabas, tana roƙon Allah Ya ba ta kwana bakwai ba ruwan sama.

Rana ta biyar, bayan azahar, marka ta sauko. Ta shiga soron da gudu, ruwa na zuba ta tsagar, ta dafa bangon da hannu biyu tana salati. Raudatu ce ta fizgo ta waje. Ba su kai bakin rijiya ba suka ji rugugin faɗuwar bangon.

Bakan gizo biyu suka tafi, biyu suka tsaya. Muntaka ya zo da mota zai tafi da ita Kano, ta ƙi. Ta sa aka lulluɓe abin da ya rage da tamfol, ta koma ɗakin kusa da zaure. Har yanzu tana can, ba ta kuma yarda an taɓa sauran ginin ba.