Kawu Bawa da Tashar Cikin Rami

Duk wanda ya zauna Ƙaura ya san yatsan Kawu Bawa. Ba ya fita gida sai ya nuna ƙofa ya ce, "Ƙohwa a ruhe." Ya nuna buta ya ce, "Buta da ruwa." Yayan mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin reluwe, kuma daga Japan ya kwaso ɗabi'ar, lokacin da aka tura su kwas na wata biyu. Wai haka direbobin jirginsu ke yi don kada su yi mantuwa.

Ranar da surukinsa ya zo daga Zurmi, Kawu ya miƙa yatsa har kusa da hancinsa ya ce, "Baƙo ya iso." Mutumin ya ɓata rai ya ce, "Malam Bawa, ni akuya na?" Kawu ya sake nuna shi ya ce, "Baƙo ya husata."

Wannan duk an yafe masa. Abin da aka ƙi yarda da shi shi ne labarin wata tashar jirgin ƙasa a Japan, a hanyar filin jirgin sama, wadda ya rantse tana ƙarƙashin ƙasa, gidajen mutane na bisanta. Malam Ɗan'iya, abokin hirarsa tun ƙuruciya, yakan ce, "Namu jirgin da ke bisa ƙasa sai shi yi wata bai zo ba, kai kana hwaɗin na cikin rami. Gafiya ka jan shi?" Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Dariyar ta ƙare shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. An kira Kawu shaida kan iyakar wata gona a Birnin Tsaba, sai abokin shari'ar ya ce ba a karɓar shaidar mai cewa jirgi na bin rami. Aka nemi wani shaida. Kawu ya dawo bai nuna komai ba, ko ƙofa. Daga ranar bai ƙara ambaton Japan ba, abin kuwa ya ci masa rai ƙwarai.

Bayan idanunsa sun tafi, na sayo kayan gyaran babur a kasuwar Shinkafi, an naɗe su da shafin wata mujalla. Ina warwarewa sai ga hoton jirgi yana fitowa daga rami, ga matakala ta yi sama, babu rana ko kaɗan. Na kai shi majalisar su Kawu. Malam Ɗan'iya ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

Kawu ya ce, "Ɗan'iya, duba ƙasa bakin jirgin. Akwai wani layi mai ruwan ɗorawa, da ƙuraje-ƙuraje?"

"Akwai."

"Na makahi na. Da ƙahwa suka jin shi, su tai har ƙohwar jirgi babu ɗan jagora. Sa'ad da nig gane shi dariya niy yi."

Malam Ɗan'iya ya ce, "Bawa, ka gahwarce ni."

"Na gahwarce ka. Amma tashi ka kai ni masallaci, ka hwaɗa musu da bakinka."

Haka aka yi. Malam Ɗan'iya yana riƙe da hannun Kawu, bayan sallar La'asar ya miƙe ya faɗa a gaban jama'a cewa labarin tashar gaskiya ne. Damina ɗaya Kawu ya ƙara a duniya.

Allah ka san bawanka bai yi ƙarya ba. Ka yafe mana dariyar da muka yi masa, ka haskaka makwancinsa.